Shaidar da Tenere Ta Ajiye

Ranar Talata, 19 ga Satumba 1989, jirgin sama ƙirar DC-10 na kamfanin UTA na Faransa ya bar Barazabil da safe, ya yada zango a Njamena, wasu suka sauka wasu suka hau, sannan ya ɗaga zuwa Paris wajen ƙarfe ɗaya na rana. Mutum 170 ne a cikinsa, fasinja 156 da ma'aikata 14. Minti 46 da tashinsa, yana ratsa sararin samaniyar Nijar a nisan da ya haura mita 10,000 daga ƙasa, aka daina jin ɗuriyarsa. Matuƙin bai nemi agaji ba, bai ce inji ya samu matsala ba. Sai washegari wani jirgin sojan Faransa da ya taso daga Cadi ya hango tarkace a warwatse kan rairayin Tenere, arewa da duwatsun Termit, kimanin kilomita 450 gabas da Agadas. Babu wanda ya tsira.

Mamatan 'yan ƙasashe 18 ne: Faransawa 54, 'yan Kwango Barazabil 48, 'yan Cadi 25, sai 'yan Italiya da Amurka da Kamaru da Ingila da sauransu. Fiye da rabinsu 'yan Afirka ne, abin da akan tsallake in ana ba da labarin a Turai. Ministan tsare-tsare na Cadi yana ciki, haka matar jakadan Amurka a Njamena, haka bishop ɗin garin Mundu. Babu ɗan Nijar a jerin sunayen, amma a ƙasarmu suka faɗo, don haka bisa ƙa'idar sufurin sama ta duniya gwamnatin Janar Ali Chaibou ce ta kafa kwamitin binciken haɗarin, tare da ƙwararrun Faransa da na Amurka. A Paris kuma aka danƙa shari'ar a hannun alƙali mai bincike Jean-Louis Bruguière, wanda ya yi suna wajen shari'un ta'addanci.

Laifi ne da babu ganau. Duk wanda ya ga abin da ya faru a cikin jirgin ya mutu tare da shi. Ba wanda za a ɗora wa Alƙur'ani ya rantse, ba wanda za a kama a matsa har ya yi magana. An yi ta buga waya ga kamfanonin dillancin labarai ana ɗaukar alhaki da sunan ƙungiyoyi dabam-dabam, kuma da farko hankali ya fi karkata ga Labanan da Iran da Siriya. Abin da ke hannu shi ne ƙarfe da roba da tsumma da gawa, a zube cikin hamada.

Mutumin Gidan Sori ko Tibiri ko Cadakori ba zai ga aikin da ya biyo baya baƙo ba, domin ƙasar Gobir ta daɗe da sanin mai bin sawu. In an kwance wa mutum saniya da dare, abu na farko shi ne a hana yara da bisashe tattake wurin, a kira wanda ya san aikin tun rana ba ta ɗaga ba. Shi kuwa sai ya durƙusa ya duba, ya ce mutum biyu ne, ɗaya yana ɗingishi, kuma jan ta suka yi da igiya, ba kora ta suka yi ba. In sawu ya shiga wani gari, nauyi ya koma kan mai garin: ko ya nuna inda sawun ya fita, ko ya nemo mai laifi a cikin mutanensa. Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen 'yan sanda a birnin Liyon na Faransa a 1910, a kan wannan tushe ya gina iliminsa, cewa mai laifi ba ya shiga wuri ya fita ba tare da ya bar wani abu ko ya ɗauki wani abu ba. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne madubin da ke girmama ƙanƙanin abu, da sinadaran gwaji, da rubuta komai a takarda yadda wani ƙwararren zai iya sake dubawa ya ce an yi daidai ko an kauce.

Tarkacen jirgin ya bazu a kan tsawon kusan kilomita 80, domin tun a sama ya rabu, iska kuma ta kwashi marasa nauyi ta kai su nesa. Sojojin Faransa da na Nijar suka yi ta bin rairayi suna tsinta, cikin zafin da ba ruwa ba inuwa. Ta wani ɓangaren hamadar ta taimaka. Babu ruwan sama da zai wanke burbushin sinadari, babu ciyawa da za ta ɓoye ƙaramin abu, babu kasuwa kusa da za a kwashe ƙarafa a kai. Abin da ya faɗi yana nan inda ya faɗi, sai dai in iska ta binne shi. An gano akwatunan naɗar bayanan jirgin, suka nuna komai yana tafiya daidai har zuwa daƙiƙar da naɗin ya yanke. Kimanin tan 15 na tarkacen aka kwasa zuwa Faransa, aka kai wata rumfar jirage a Le Bourget, aka yi ta jera shi guntu-guntu a kan firam har gaban jirgin ya sake tsayawa. Da ido ake ganin amsar tambaya ta farko: a wajen rumbun kaya na gaba, ƙarfen ya yage ya lanƙwashe zuwa waje. Abin da ya fasa jirgin daga cikinsa ya fito.

Claude Calisti, masanin abubuwan fashewa na ɗakin gwaje-gwajen 'yan sandan Paris, shi ya fito da amsa ta biyu. Cikin tarkacen an samu guntun akwatin tafiya ƙirar Samsonite, an shafe cikinsa da sinadarin fashewa na fentirit mai kaurin milimita 3 kacal, yadda mai buɗe akwatin zai ɗauka shafin kamfani ne. An ƙiyasta nauyin sinadarin da kimanin kilo ɗaya. Da aka duba kwantenar da akwatin yake ciki, sai ta zama ta kayan da aka loda a Barazabil. Wannan ya rage faɗin neman ƙwarai. Njamena ta fita daga zargin farko, ido ya koma Kwango.

A nan ya kamata a lura da iyakar abin da ɗakin gwaji ke iya faɗa. Ya faɗi yadda aka yi, ya faɗi inda aka loda, bai faɗi wanda ya yi ba. Irin waɗannan akwatuna an riga an san su a hannun wata ƙungiyar Falasɗinawa da ke zaune a Bagadaza, kuma akwati yakan sauya hannu. Sunan mutum ya fara fitowa ne ta tsohuwar hanya, wato bakin mai shaida. 'Yan sandan Kwango sun tsare wani Bernard Yanga, ya ce abokinsa Apollinaire Mangatany, ɗan adawa da ke hulɗa da ofishin jakadancin Libiya a Barazabil, shi aka ba akwatin ya shiga da shi jirgi. Mangatany yana cikin mamatan. Yanga ya ambaci Abdallah Elazragh, babban jami'i a ofishin jakadancin, da wasu mutum biyu da suka zo daga Tirifoli kafin tashin jirgin.

Dalilin da zai sa Libiya ta aikata haka ba ɓoyayye ba ne ga mutanen yankinmu. Gaddafi ya kwashe shekaru yana yaƙi a Cadi kan zirin Awuzu, kuma a 1987 sojojin Hissène Habré, da goyon bayan Faransa da Amurka, suka fatattaki nasa a Wadi Dum, suka bi su har sansanin Maaten al-Sarra a cikin Libiya. Tun a watan Maris 1984 ma bam ya taɓa tashi a wani jirgin UTA da ya fito daga Barazabil, yana tsaye a filin Njamena. Amma dalili ba hujja ba ne, maganar mutumin da ke tsare kuwa kowane lauya zai iya cewa tsoro ne ya faɗe ta. Bruguière yana bukatar abin da za a ɗora a kan tebur.

Abin ya zo a siffar wani ɗan koren guntu na allon lantarki, wanda faɗinsa bai wuce santimita 2 kowane gefe ba, ɗauke da haruffa biyu, TY. A 1991 wani jami'in ɗakin gwaje-gwajen hukumar FBI ta Amurka, Thomas Thurman, ya ce guntun na na'urar saita lokaci ne. Aka bi haruffan zuwa wani kamfani a Taiwan, daga can zuwa Jamus, inda takardun ciniki suka nuna an sayar da irin waɗannan na'urori kimanin ɗari ga wani jami'in leƙen asirin Libiya, Issa Shibani, aka kai su Tirifoli 'yan watanni kafin harin. A ƙarshen Oktoba 1991 alƙalin ya fitar da sammacin kama 'yan Libiya huɗu, cikinsu har da Abdallah Senoussi, mijin 'yar'uwar matar Gaddafi kuma na biyu a hukumar leƙen asirin ƙasar. A 1992 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudiri na 731, ya bi shi da na 748 wanda ya ƙaƙaba wa Libiya takunkumi, aka haɗa wannan shari'a da ta jirgin Pan Am da ya tarwatse a Lokabi ta Sikotilan ranar 21 ga Disamba 1988, inda mutum 270 suka mutu. A shekarar Bruguière ya nufi Tirifoli a jirgin ruwan sojan Faransa aka hana shi sauka. Sai a Yuli 1996 aka bar shi ya shiga, kuma a wannan tafiya hukumomin Libiya da kansu suka miƙa masa wani akwatin Samsonite mai shafin fentirit irin na Tenere, suna cewa daga hannun 'yan adawa suka ƙwace shi.

Ranar 10 ga Maris 1999 kotun manyan laifuka ta Paris ta yanke wa mutum shida ɗaurin rai da rai a bayan idonsu: Senoussi, Elazragh, Shibani, Ibrahim Naeli, Musbah Arbas da Abdelsalam Hammouda.

Adalci ne a faɗi cewa ba kowa ya gamsu ba. Ɗan jaridar Faransa Pierre Péan ya rubuta littafi a 2001 yana tuhumar yadda aka samu ɗan guntun nan da yadda aka karɓi shaidar Yanga. Thurman kuma, wanda shi ne ya gano guntun na'ura makamancin wannan a shari'ar Lokabi, sunansa ya fito a rahoton 1997 na babban mai binciken ma'aikatar shari'ar Amurka, wanda ya soki yadda ake aiki a ɗakin gwaje-gwajen FBI. Ni a ganina hujjojin da suka taru a kan hukumar leƙen asirin Libiya suna da nauyi, domin daga hanyoyi dabam-dabam suka fito suka haɗu a wuri ɗaya. Amma da yake waɗanda ake tuhuma ba su bayyana a kotu ba, babu lauyan da ya tsaya ya tambayi ƙwararrun nan wa ya tsinci guntun, a ina, ta hannun wa da wa ya wuce kafin ya isa Washinton. Shaidar kimiyya tana samun ƙarfinta ne daga irin waɗannan tambayoyi, kuma ƙasar da ba ta da nata ƙwararru ba ta da bakin yin su. Nijar ta ba da filin, ta ba da gumin sojojinta, sauran aikin duk a ƙetare aka yi shi.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi taɓa zuciya, shi ne na gawarwaki. An kwashe su zuwa Paris, likitoci suka yi ƙoƙarin gane kowa ta haƙora da zanen yatsu da zobe da tabon tiyata. Da dama ba a gane su ba, iyalansu ba su samu abin da za su binne da sunan nasu ba. Gane mutum ta haƙori yana bukatar ya taɓa zuwa wurin likitan haƙori an ajiye masa hoto, wannan kuwa gata ne da yawancin mutanen Kwango da Cadi ba su da shi. A 1989 gwajin ƙwayar halitta, wanda ake kira DNA, a Nijar kuma ADN, yana jariri.

Shekara biyar kacal ke nan da Alec Jeffreys ya gano shi a Jami'ar Lesta ta Ingila, a watan Satumba 1984. Kusan kowace ƙwaya ta jikin mutum tana ɗauke da tsarin halittarsa, rabi daga uba rabi daga uwa. Mafi yawan tsarin iri ɗaya ne tsakanin 'yan Adam duka, amma akwai wurare da wani ɗan sashe ke maimaita kansa, adadin maimaicin kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. In aka ƙidaya a wurare da yawa, a yau sukan kai 20 ko fiye, da wuya a samu mutum biyu da lissafinsu ya zo ɗaya in ba tagwaye masu kama ɗaya ba. Jini da yawu da maniyyi da saiwar gashi da ƙashi da haƙori duk suna ba da shi. Karon farko da aka yi aiki da gwajin, a 1985, kan wani yaro ne ɗan asalin Gana da hukumar shige da fice ta Ingila ta ce ba ɗan matar da ke iƙirarin haihuwarsa ba ne. Gwaji ya nuna ɗanta ne, aka bar shi wurin uwarsa.

Shari'ar kisa ta farko ta fi koyarwa. An yi wa 'yan mata biyu masu shekara 15 fyaɗe an kashe su a ƙauyukan Narborough da Enderby, ɗaya a 1983 ɗaya a 1986. 'Yan sanda suka kama wani matashi ɗan shekara 17, ya amsa laifin kisa na biyu da bakinsa. Aka kai wa Jeffreys samfurin don ya tabbatar shi ne ya yi na farkon ma. Sakamakon ya ce mutum ɗaya ne ya aikata duka biyun, kuma ba wannan yaron ba ne. Aka sake shi. Sannan aka ɗebi jinin maza kimanin 5,000 a yankin ba a dace ba, har sai da aka ji wani yana ba da labarin cewa shi ya je ya ba da jini a madadin abokin aikinsa. Ta haka aka kama Colin Pitchfork, ma'aikacin gidan burodi, aka ɗaure shi rai da rai a Janairu 1988. Kafin gwajin ya kama mai laifi, sai da ya fara wanke wanda ya amsa laifin da bai yi ba. Duk wanda ya san yadda ake samun "ya amsa" a wasu caji ofis da komisariya na ƙasashenmu ya san abin da wannan ke nufi.

Da dabarar ninka ƙwayar halitta ta Kary Mullis ta yaɗu, ɗigon da ido ba ya gani ya zama ya isa gwaji. Ingila ta buɗe rumbun ajiyar bayanan DNA na masu laifi a 1995, Faransa ta kafa nata a 1998. Da haɗarin Tenere a yau ya faru, da yawun uwa ko na ɗa za a gane mafi yawan waɗanda aka rasa sunayensu.

Wasu a cikinmu suna ɗari-ɗari da abin ta fuskar addini, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce, domin nasaba ba abin wasa ba ce. Sai dai hukunci da alama ba baƙo ba ne a Musulunci. Rigar Annabi Yusufu da ta yage ta baya ita ta wanke shi. Malaman Malikiyya irin su Ibn Farhun a Tabsiratul Hukkam sun yi dogon bayani kan aiki da alamomi a shari'a, ilimin gane dangantaka ta kamannin jiki kuma sananne ne tun zamanin Sahabbai. A 2002 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka ta yarda a yi aiki da gwajin wajen binciken laifukan da ba na haddi ko ƙisasi ba, da gane gawarwaki, da raba gardamar jariran da suka cakuɗe a asibiti, ta kuma hana a yi amfani da shi don rushe nasabar da aure ya tabbatar ko a gabatar da shi a kan li'ani. Iyakar a fili take, filin da aka bari kuma mai faɗi ne.

Ƙasar Hausa ta fara sanin gwajin sosai ne a Kano. Lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Bayan doguwar shari'a aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Da aka zo biyan diyya, masu iƙirari suka haura 500, sai aka gindaya gwajin DNA. A Agusta 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Iyaye da yawa sun ƙi yarda da tsarin, kuma ana iya fahimtarsu: mutumin da aka taɓa yi wa ɗansa allura ba tare da ya gane abin da ake yi ba, yanzu an ce ya buɗe baki a ɗebi yawunsa a kai inda bai sani ba. Gwaji ba ya aiki a inda babu amana ga mai yin sa. Ko a inda ake da kayan aiki ma akan yi tuntuɓe. 'Yan sandan Jamus sun kwashe shekaru suna neman wata mata da ƙwayar halittarta ta bayyana a wuraren laifi kusan 40, sai a 2009 aka gano ma'aikaciya ce a masana'antar da ke yin audugar ɗibar samfurin.

Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA ta gwamnati a 2017, aka ƙona ta a tarzomar Oktoba 2020. A Nijar akwai sashen 'yan sandan kimiyya a Yamai, wanda tawagar EUCAP Sahel ta Tarayyar Turai ta riƙa horas da jami'ansa daga 2012 har zuwa soke yarjejeniyarta a Disamba 2023. Misalai biyu daga yankin Tilaberi sun isa su nuna tazarar da ke tsakanin mamaci da mamaci. Bayan kwanton ɓaunar Tongo Tongo na 4 ga Oktoba 2017, masu bincike na Amurka suka koma wurin bayan fiye da wata guda, suka tsinto ragowar sassan jiki, likitan sojansu ya tabbatar na Saje La David Johnson ne, aka sanar da iyalinsa. A 2020 kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nijar ta binciki ɓatan fararen hula 102 a yankin Inates, ta ce ta gano gawarwaki 71 a ramuka shida, ta ɗora alhakin a kan wasu jami'an tsaro, gwamnati ta musanta. Ƙoƙari ne na 'yan ƙasa da ya cancanci yabo, amma ba za a haɗa abin da ke hannunsu da abin da ke hannun Amurkawa ba.

Wannan tazara ta iso har ƙofar gidanmu. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako zuwa gundumar Gidan Rumji suna gudun 'yan bindiga, ƙauyukan Gidan Sori na cikin waɗanda suka karɓe su, sannan satar shanu da garkuwa da mutane suka biyo su har wannan gefen iyaka. Ɓarawon yau a kan babur yake zuwa, ya tsallaka wata ƙasa kafin gari ya waye, mai bin sawu ya tsaya a bakin iyaka. Amma shi ma yana barin abinsa: kwanson harsashi mai ɗauke da tambarin bindigar da ta harba shi, guntun taba, rawanin da ya faɗi, layin waya da aka kira da shi ana cinikin kuɗin fansa. Kwanson da aka tsinta a wani ƙauyen Gidan Sori zai iya dacewa da wanda aka tsinta a Sabon Birni, in akwai mai tattarawa, in kuma hukumomin ƙasashen biyu suna musayar abin da suka samu. Yawanci yara ne ke tsince su kafin jandarma su iso.

Mafi yawan abin da ake bukata a matakin farko bai kai tsadar da ake zato ba. A kewaye wuri a hana shiga. A ɗauki hoto kafin a taɓa komai. Tufar da jini ya jiƙa a shanya ta a inuwa a sa a ambulan na takarda, domin a cikin leda zafi da laima suna lalata abin da ake nema. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe a kai ta likita cikin kwana uku, kada a wanke kayan da ke jikinta, ko da kunya da ɓacin rai suna ingiza uwa ta yi hakan. Gawar da aka tsinta a daji ba a san mai ita ba, a ɗauki hotonta da samfurinta a rubuta inda aka sa ta. Wannan aikin mintoci ne, ba ya hana a yi mata sutura a ranar kamar yadda addini ya umarta. Yamai tana da nisan fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, kuma babu dalilin da zai sa jiha mai yawan jama'a kamar Maraɗi ta rasa ɗakin gwaji da likitocin binciken gawa nata na kanta. Haka kuma dole a samu doka da za ta faɗi wa ke da ikon ɗibar samfurin mutum, wa zai ajiye, har tsawon wane lokaci, don kada makamin gano gaskiya ya koma na bin diddigin wata ƙabila ko 'yan adawa.

Iyalan mamatan Tenere ba su tsaya a hukuncin 1999 ba, domin kuɗin da Libiya ta biya a lokacin ƙalilan ne in an kwatanta da abin da ta amince ta ba iyalan Lokabi daga baya. Guillaume Denoix de Saint Marc, wanda mahaifinsa ya rasu a jirgin, ya jagoranci tattaunawa da gidauniyar Saiful Islam Gaddafi, aka sa hannu ranar 9 ga Janairu 2004 kan dala miliyan 170, miliyan ɗaya kan kowane mamaci, ba tare da bambanta Bafaranshe da ɗan Cadi ko ɗan Kwango ba. Libiya ba ta amsa laifin a hukumance ba. A 2007 ƙungiyar iyalan ta koma hamadar tare da ma'aikata 'yan Nijar, suka ɗauko baƙaƙen duwatsu a manyan motoci daga nisan kilomita 70, suka zana siffar jirgin a cikin da'ira, suka kewaye ta da fasassun madubai 170, suka kafa fiffiken jirgin a tsaye da sunayen mamatan a jikinsa.

Bayan faɗuwar Gaddafi, an kama Senoussi a Nuwakshot a Maris 2012. Faransa ta nemi a ba ta shi, Kotun Manyan Laifuka ta Duniya da ke Heg ma ta nema, Muritaniya ta miƙa shi ga Libiya a Satumba na shekarar. A 2015 wata kotu a Tirifoli ta yanke masa hukuncin kisa kan laifukan 2011, ba a zartar ba. Sunansa ya sake fitowa a Paris a 2025, a shari'ar tsohon shugaban Faransa Nicolas Sarkozy kan zargin neman kuɗin kamfe daga Libiya, inda iyalan mamatan jirgin suka shiga cikin masu ƙara. Kotun ta tabbatar cewa makusantan Sarkozy biyu sun gana da Senoussi a Tirifoli a 2005, shekara shida bayan an yanke masa ɗaurin rai da rai kan jirgin UTA. Ranar 25 ga Satumba 2025 ta samu Sarkozy da laifin haɗa baki, ta yanke masa shekara biyar, shi kuma ya ɗaukaka ƙara.